Farantin mayen ƙarfe na tsintar allura, wata biyu ke nan ina aiki da shi

Salam 'yan uwa mata, musamman masu ɗinki a gida irina. Ni a Makka nake wajen Shara Mansur, abaya nake ɗinkawa da kayan yara, kuma abin da ya sa na nemi farantin nan shi ne ranar da autata ta taka fil a cikin kafet, wallahi har yau in na tuna kukanta sai jikina ya yi sanyi. Washegari na sa maigida ya sayo min, riyal 15, ɗan faranti ne kamar na kofin shayi da maganaɗisu manne a gindinsa.

Aiki kam yana yi ba ƙarya. Kife shi nake in bi kan kafet a hankali sai ki ji ƙas ƙas, fil ne, allurar hannu ce, har karyayyar allurar keke da ido ba ya gani duk sai sun fito.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne fil ɗaya zai manne, wani ya kama jelarsa, wani ya kama na biyun, har huɗu suna lilo, amma ina zare na farkon daga farantin sai su zube. Babban ɗana da ke sakandare ya ce Umma ai maganaɗisu iri biyu ne, akwai na dindindin akwai na aro. Na gindin farantin ƙarfinsa nasa ne, kai biyu gare shi arewa da kudu, in kika haɗa masu kai iri ɗaya ture juna suke. Shi kuwa fil aron ƙarfin yake muddin yana kusa, shi ya sa ko ta wane ɓangare kika kawo shi jan sa ake yi, ba a ture shi. Gaskiya na ji daɗin bayanin nan ƙwarai.

To ga inda raina ya ɓaci. Almakashina mai kyau na bari a kan farantin kusan sati, yanzu ina cikin yanka yadi sai fil ya maƙale a bakinsa, abin haushi. Ashe ƙarfe mai tauri irin na almakashi ba ya sakin aron duka, mai laushi ne ke saki nan take. Yaron ya ce bubbuga shi na ragewa, wuta kuma sai ta kai wajen digiri 770 take kashe shi gaba ɗaya, ni kuwa ba zan ƙona almakashina ba. Kuma ko layi ɗaya na gargaɗi babu a jikin kwalin. Haka wayata, na ajiye ta kusa da shi na buɗe alƙibla sai kibiyar ta karkace, sai da na matsa nesa ta dawo daidai.

Kar ki ajiye shi gefen dutsen guga ko a gaban mota da zafin ƙasar nan, maganaɗisu mai sheƙin nan irin wanda ake kira neodiyam ne, daga wajen digiri 80 yake fara rauni.

Maɓallin tagulla da alminiyam ba ya kama su, haka zinari da azurfa. Maƙwabciyata har awarwaronta ta kawo muka gwada bai manne ba tana ta murna, na ce Hajiya ki dai kai wa masu zinari su duba, tagulla ma ai ba ta mannewa.

Gam ɗin gindin ya fara saki a sati na shida, maganaɗisun ya kusa faɗowa, kuma irin ƙananan maganaɗisun nan in yaro ya haɗiye biyu suna iya manne hanji. Na naɗe shi da salatef, in na gama aiki saman durowa nake ɗora shi inda hannun auta ba ya kaiwa.