TLP ya raba ni da ƙyas-ƙyas ɗin had dis

Wata uku kenan ina amfani da TLP, manhajar rage cin batir, a tsohon laftof ɗina mai Linux. Ƙarin ƙarfin batir na je nema, na samu ɗan kaɗan, amma abin da ya fi min amfani shi ne lafiyar had dis.

Da, duk sanda na cire caja sai in riƙa jin wani ƙyas-ƙyas daga ciki bayan 'yan sakanni, wallahi na ɗauka fanka ce, ashe allurar da ke karanta faifan ce take zuwa ta yi fakin ta dawo, ta sake komawa, wai don a rage cin wuta. Na duba da smartctl, manhajar duba lafiyar had dis, layi mai lamba 193 wato Load_Cycle_Count, mai ƙirga sau nawa allurar ta yi fakin, na ga lissafin sai hawa yake kullum, kuma da yawa daga faifan laftof kusan sau 600,000 aka ƙera su su jure wannan kai-komo. Nan hankalina ya tashi, duk hotunana a ciki suke.

A TLP saitin APM, wato matakin tsimin wuta na faifan, yana zuwa ne 254 in kana kan caja, 128 in kana kan batir. Daga 1 zuwa 127 faifan na iya daina juyawa gaba ɗaya, daga 128 zuwa 254 ba ya tsayawa. Nawa dai a 128 ma bai bar fakin ba, sai na buɗe fayil ɗin saitin TLP, /etc/tlp.conf, na mayar da na batir 254, na cire alamar # ɗin da ke farkon layin (kar ka manta da ita, in tana nan kamar ba ka rubuta komai ba), na buga sudo tlp start, shiru kake ji.

Na gwada sa faifan barci kuma, na sa 60, tunda kowace lamba sakan 5 ce ya zama minti 5. Ban ga ribarsa ba gaskiya, faifan da sistem ke kansa kullum ana rubuta masa wani abu, da ya kwanta an tashe shi, kai kuma ka zauna kana jiran fayil ya buɗu. Ga faifai na biyu na ajiya kam ya dace.

Inda zai ba sabon shiga wahala, babu maɓallan dannawa sai gyaran rubutu, kuma ba ya shiri da power-profiles-daemon, wata manhajar tsimin wuta ta Linux, ɗaya za ka zaɓa. In SSD gare ka bar batun juyawa, babu abin da ke juyawa a ciki.