Dakar ta yi, amma kamfanin da ya kai mu sai a hankali

Mu mutanen Tawa ba a koya mana kallon kokawa, shi ya sa da na ga tallan wani kamfanin tafiye-tafiye na Yamai cewa zai kai mutane Dakar, da jirgi da otel da tikitin shiga filin kokawa na Pikine da ke gefen birnin duk a kuɗi ɗaya, ban tsaya dogon ciniki ba.

Garin kam ya yi. Sefa ɗinmu suke kashewa, babu wahalar canji. Da yamma in ka bi titin bakin teku, samari ne fal, masu gudu da masu ɗaga ƙarfe da masu gwada ƙarfi cikin rairayi. An kai mu tsibirin Gore, tafiyar kamar minti 20 a jirgin ruwa, muka shiga gidan bayi, muka tsaya a ƙofar nan da ke kallon teku. Wani dattijo a cikinmu ya kasa ƙarasawa, sai waje ya jira mu.

To, ranar kokawa. Kuɗin rumfa muka biya, yana rubuce a takarda. Muna isa ƙofa da azahar sai jagoranmu ya miƙo mana tikitin wurin rana, wai na rumfa sun ƙare. Na ce masa, "Malam, sun ƙare yaushe, bayan kun karɓi kuɗinmu tun Yamai?" Ya ce mu shiga yana zuwa. Ba mu sake ganin ƙeyarsa ba sai dare. Filin da Sinawa suka gina aka buɗe a 2018, mai cin mutum wajen 20,000, mu ga mu kan siminti mai zafi, ba mai jin Wolof ko ɗaya a cikinmu.

Sai dai da ganguna suka ɗauka na manta da rana. Kowane ɗan kokawa ya shigo da rundunarsa suna rawa, layu tun daga damtse har ƙugu, yaransa ɗauke da jarkoki ana ta kwarara masa ruwan magani a ka, wani har madara. Namu ma suna da asiri, amma nan abin ya kai intaha. Kuma tasu da naushi ake yi, hannu tsirara. Babban karon da muka wuni jira bai kai minti biyu ba: naushi biyu a fuska, aka kama ƙugu, sai ga ƙato a ƙasa. Ni dai har gobe na fi son irin ta Issaka Issaka, zakaran kokawar Nijar, wadda dabara ke kada mutum, amma ihun filin nan ban taɓa jin irinsa ba ko a gasar takobi, babbar gasar kokawa ta ƙasarmu. A lokacin har na ce na yafe wa kamfanin.

Fitowa ce ta dawo min da haushi. Magoya bayan wanda aka kayar suka fara jifa, 'yan sanda suka saki hayaƙi mai sa hawaye, motarmu ba ta inda aka ce za ta tsaya, wayar jagora a kashe. Da dattijon nan muka yi ta kutsawa cikin lungunan Pikine har wani mai shago ya ja mu ciki ya saukar da ƙofa. Tasi muka ɗauka da kuɗinmu zuwa otel.

Cikon kuɗin rumfa sun ce za su maido. Na kira ofishinsu har na gaji, kullum shugaba ya yi tafiya. Wanda zai je Dakar ya je, amma ya sayi tikitinsa da hannunsa.