Sharhi: gyaran wutar tsohon babur ɗina a hannun wani dattijo a Dilimi

Duk mai tsohon babur irin mai cin fetur haɗe da man tuti, in yana Jos kuma wuta tana ba shi wahala, ina ba shi shawara ya nemi tsofaffin bakanikai na wajen Dilimi kafin ya ƙara sayen fulogi ko guda. Ɗayansu ya gyara mini Suzuki A100 da na gada a wurin mahaifina, kuma na gamsu da aikinsa, duk da akwai inda ya ƙure mini haƙuri.

Ciwon babur ɗin mai rikitarwa ne. Da safe, ko a sanyin hunturun Jos, yakan tashi ba gardama. Amma in na hau titin Bauchi inji ya ɗau zafi, sai ya fara tari yana harbi ta salansa, can ya mutu. Ka yi ta kik har gumi ya karyo maka, shiru. In ya huce kuma ya tashi kamar ba shi ba. Duk garejin da na kai shi magana ɗaya ce: a wanke kabreta, a sa sabon fulogi.

Dattijon nan bai taɓa kabreta ba. Sai da ya sa yaronsa ya zaga da babur ɗin har ya mutu, sannan da zafinsa ya kwance fulogi, ya jingina shi a jikin inji, ya ce in buga kik. Tartsatsin ya fito ja-ja, mai rauni, wani bugun ma babu. Ya ce, “Ɗana, wutar kirki shuɗiya ce, har ƙararta za ka ji. Wannan da take raki a fili, in ta shiga inda fistin ya matse iska ba za ta kama ba.”

Tsarin bincikensa ne ya fi burge ni, don daga mai sauƙi yake farawa. Batir bai ko kalla ba, saboda wannan babur wutar tayar da shi daga maganadisun fulawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa a gefen inji, take fitowa. Ya zare wayar makulli, tun da makullin irin waɗannan babura yana kashe inji ne ta hanyar zubar da wutar a jikin ƙarfe, kuma in ya tsufa yakan riƙa satar ta ko yana kunne. Ba shi ba ne. Ya yanke bakin wayar fulogi da ya yi tsatsa, ya mayar da hular. Nan ma da sauran rina a kaba. Sai ya buɗe murfin gefe, ya kāre hasken rana da jikinsa, ya nuna mini kontak, wato 'yan ƙarafa biyu da ke haɗewa suna rabuwa don fitar da wuta, ta tagar fulawil: duk bugu sai wuta ta yi tsalle a bakinsa. Aikin kondensa shi ne ya shanye wannan wutar lokacin da kontak ya buɗe, domin kwayil ya aika ta da ƙarfi zuwa fulogi. In kondensa ya gaji, musamman da zafi, wutar takan tsaya tana cin bakin kontak. Kontak ɗina ya riga ya yi ramuka, sai ya ce a canja kondensa.

Na kuma yaba da cewa da abin jansa na musamman ya zare fulawil, ba da guduma ba kamar yadda nake gani a wasu wurare. Bugun guduma yana raunana maganadisu, yana iya lanƙwasa sandar inji, kuma a yau ina za ka samo wata? A bayan fulawil ɗin ya ga oyilsil, wato robar da ke tare mai, ya fara tsiyayar da mai kusa da kontak, shi ma ya ce a canja. Ya duba ɗan ƙarfen da ke riƙe fulawil a mazauninsa, wanda in ya karye lokacin fitar wuta yake gocewa, ya tarar lafiya lau.

Wajen saiti ya bar tazarar kontak tsakanin milimita 0.3 da 0.4, ta fulogi kuma 0.6 zuwa 0.7. Lokacin wuta kuwa da siririyar takarda ya saita shi: ya maƙala ta a bakin kontak, yana juya fulawil a hankali, sai ta saki daidai lokacin da alamar fulawil ta haɗu da ta jikin inji. Ya kuma ja kunnena cewa Jos tana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, iska ba ta da kauri, don haka fetur yakan yi wa inji yawa fulogi ya yi baƙi. Ya ce in riƙa duba launinsa, ruwan ƙasa-ƙasa shi ne daidai.

Inda ban ji daɗi ba shi ne lokaci. Aikin yini ya ja kwanaki, kuma ba ya kira ya ce ga halin da ake ciki, sai ka tako da ƙafarka. Wani ɓangaren jinkirin ba laifinsa ba ne: kondensan farko da aka kawo jabu ne, ya ƙi ɗaura shi, ya jira har aka samo na Japan daga jikin wani tsohon inji. Amma da ya gaya mini tun farko da na shirya. Kuɗin hannunsa kuma ya ɗara na sauran, ba ya son ciniki.

Na tambaye shi kan CDI, wato akwatin lantarki da ke maye gurbin kontak, na ce, “Baba, ko a mayar da shi CDI in huta?” Ya ce ana yi, kuma yana rage yawan saiti, sai dai ranar da akwatin ya ƙone a hanya tura babur za ka yi, shi kuwa kontak da sukundireba da ɗan samfefa za ka lallaɓa ka isa gida. Na bar shi a yadda kamfani ya ƙero shi. Tun daga nan na je Bukuru, na je har Toro na dawo da rana tsaka, bai ko yi tari ba. In za ka kai naka, tafi da fulogin NGK na gaske daga wurin mai kayan da ka yarda da shi, kuma kada ka kai a satin da kake da tafiya.