GARGAƊI: Yadda wata mai sayar da fulawa a Instagram ta cinye mini ₦219,000 da ganye biyu marasa gaɓa

Kwana tara ina rubuta wannan ina gogewa, kunya ce take hana ni. Amma jiya da daddare wata 'yar'uwa ta turo mini shafin matar nan. Ta sauya suna, ta sauya hoton da ke gaba, sai dai hotunan fulawoyin su ne dai, har da labulen nan ruwan ƙasa da ke bayanta ranar da muka yi kiran bidiyo. Ashe tana nan tana ci gaba da cin kasuwarta. To ni ma na daina ɓoyewa.

₦219,000 ta ci mini. Kuɗin fulawa ₦185,000, kuɗin mota ₦9,000, sai wani wai magani ₦25,000. Ku haɗa ku gani, dubu 219 ne cif. Kuɗin adashina ne, wata goma ina zubi. Ban ma saka ₦40,000 na ƙanwar maigidana ba, wannan zan zo kansa, shi ne ya fi ƙona mini rai.

Kafin wani ya zo ya ce mini kwaɗayi mabuɗin wahala, ko ya ce wa ya aike ki sayen ganye da wannan kuɗi, ku tsaya ku ji. Ni ba baƙuwa ba ce a harkar nan. Shekarata shida ina renon fulawar cikin ɗaki a nan Kano, tukwane ashirin da 'yan kai gare ni. Na raya Aglaonema, na raya Dieffenbachia, Pothos kuwa har kyauta nake rabawa. Wanda ya iya tsallakar da irin waɗannan daga ƙurar hunturu zuwa zafin watan Afrilu a garin nan ba su mutu ba, ya san abin da yake yi. Kuma ba araha na bi ba. Da ta ce mini dubu 20 da ban ko saurare ta ba, don na san darajar abin.

Abin da nake nema shi ne Monstera albo. Ita Monstera asalinta daga dazuzzukan kudancin Meziko har zuwa Panama take, mai manyan ganyen nan masu tsagu da huji. Koriyar tana ko'ina, masu fulawar bakin titi ma suna da ita. Albo kuwa ita ce mai roɗi-roɗin fari, wani ganyen rabinsa fari fat kamar an zuba nono. Abin da ya sa take tsada, farin nan ba ya bin ƙwayar iri. A cikin tsiron ne ake samun ƙwayoyin halitta iri biyu a haɗe, masu sinadarin kore da marasa shi, don haka ba a samunta sai an yanko kara daga jikin uwar. Ga ta da jinkirin girma, tunda farin ɓangaren ba ya haɗa abinci, koren ne ke ciyar da shi. Duk na san wannan. Na san a 2021 an sayar da wata 'yar'uwarta mai roɗi-roɗi, Rhaphidophora tetrasperma, a New Zealand kan dalar ƙasar 27,100. Na san labarin Pink Congo, wadda ake sa wa sinadari ganyenta ya yi ruwan hoda, bayan 'yan watanni ya koma kore. Na san har fenti wasu suke shafawa. Saboda na san duk wannan ne ma na ce sai mun yi kiran bidiyo.

Kiran nan shi ne yake hana ni barci. Minti sha ɗaya muka yi, yana nan a wayata. Ta yi sallama, muka gaisa, ta tambayi yara. Hausarta tsaf, ta ce a Abuja take, tana shigo da kaya daga Tailan. Ta ɗauko tukunya mai ganye uku, biyu masu fari, ɗaya ƙarami kore. Na ce ta kankare farin da farce. Ta kankare. Na ce ta jiƙa auduga ta goge. Ta goge, ta nuna mini audugar fes. Na ce ta juya bayan ganyen in gani, don fenti ba ya ratsawa. Ta juya, farin ya ratsa har baya. Ganyen na gaske ne, wallahi har gobe ina faɗa, ganyen albo ne na gaske. Ban yi kuskure a kan ganyen ba.

Sai na ce, "To nuna mini gaɓar."

Ta yi 'yar dariya, ta ce, "Hajiya, lallai ke 'yar hannu ce, ba kowa ke tambayar gaɓa ba. Tana cikin ƙasa, yanzu saiwar ta fara kamawa. In na tone zan ji mata ciwo, ga tafiyar mota a gabanta. Amana ce tsakanina da ke."

Ni kuma na ce to.

"To" ɗin nan. Kalma ɗaya. Da na ce a'a, tone in gani, da shi ke nan. Ni da na tashi a gidan da ake dasa rogo, tun ina yarinya na san karan da ba shi da ido ba ya tsirowa. Rake ma haka, sai da gaɓa, sai da ido. Monstera ba ta da bambanci: ganye da dogon hannunsa kaɗai ba sa zama shuka, sai an haɗo da guntun karan da ke da gaɓa da idon da sabon tsiro zai fito. A albo ma so ake a ga zanen farin ya bi jikin karan ya ratsa ta kan idon, in ba haka ba sabon ganye kore zai fito. Na sani. Na tambaya ma. Amma amsar da ta ba ni gaskiya ce, shi ya sa ta shige ni. Sabon yanka da saiwarsa ta fara fitowa ba a tone shi. Da na yi tambaya a kan ƙaramin koren ganyen ta ce shi ke ciyar da sauran, wannan ma gaskiya ce. Ta ce kada in sauya mata tukunya sai bayan wata biyu, ko ni haka nake gaya wa mutane. Da gaskiya ta naɗe ƙaryarta. Ku gaya mini, wace ce a cikinku za ta ce wa mai kaya lallai sai ta tumɓuke shuka a gabanta?

A daren na tura ₦185,000. Washegari ta ce kuɗin mota, na tura ₦9,000. Sunan da ke kan asusun ba nata ba ne, ta ce na mijinta ne. Nan ma na ce to. Mata nawa ne ke kasuwanci da asusun mazajensu?

Kuma kayan sun zo! Abin da nake so ku gane ke nan, ba irin wadda ake tura wa kuɗi ta ɓace ba ce. Maigida da kansa ya je tasha ya karɓo kwalin, an naɗe ganyen da auduga da takarda kamar jariri. Na ajiye ta kusa da tagar gabas, bayan labule mara kauri, don farin ganye rana tana ƙona shi nan da nan, duhu kuma ba ya yi masa. Na ɗora ta a saman wata kanta inda autana ba zai kai ba, saboda ruwan jikinta yana ƙona baki. Ba na ba ta ruwa sai na tura yatsa na ji saman ƙasar ya bushe. Na nisanta ta da iskar fanka. Kullum da safe sai na goge mata ƙura da tsumma mai laushi. Na ɗauki hoto na saka a sitatus, har na yi wa matar godiya na saka sunan shafinta.

A nan ƙanwar maigidana ta gani.  Na tuna ranar da ta tura ₦40,000 ɗin ganyen bai fara lalacewa ba. Zan duba ranakun a hotunan hirar, duk zan saka. Abin da ya faru dai, yarinyar nan ta yi wa matar magana ba tare da na sani ba, ta ce Antina ce ta turo ni. Matar ta sayar mata da ƙwayar iri goma, wai irin albo, ₦4,000 kowace ɗaya. Da ta tambaye ni da na hana ta, don babu wani abu wai shi irin albo, in ma ya tsiro koriya ce za ta fito. Amma me zai sa ta tambaye ni? Ta ga na yaba a bainar jama'a. Ɗaliba ce, kuɗin da yayanta ya ba ta ne. Ni na biya ta daga aljihuna, tana cewa "Anti ki bar shi, ba laifinki ba ne," ni kuma ban iya kallon idonta ba.

Wajen mako na uku gefen farin ya fara yin ruwan ƙasa. Lokacin hunturu ya fara shigowa, kuma farin ganye dama shi ke fara bushewa idan iska ta bushe, don haka na ɗora wa kaina laifi. Na sayi na'urar da ke fesa raɓa a ɗaki, ₦32,000, wannan ba a lissafinta yake ba, amma ita ta ja mini. Na daina amfani da ruwan burtsatse na koma na leda. Na tura mata hoto, cikin minti biyu ta amsa. Ta ce, "Subhanallahi, Hajiya, sauyin yanayi ne, akwai maganin da ke riƙe farin, saura kwalba biyu." ₦25,000. Na san babu wani taki da ke sa fari ko riƙe shi. Na sani sarai. Amma ina kallon ₦185,000 tana bushewa a gabana, na ce ko na ƙarfafa saiwa ne take nufi. Na tura. 'Yar kwalba ta zo ba rubutu a jikinta, ruwa ne shuɗi-shuɗi.

Sai sabon ganye ya fara ɓullowa. Na yi murna har na kira maigida ya gani. Amma da na duba da kyau, daga kuben hannun ƙaramin koren ganyen yake fitowa, ba ruwansa da fararen. Ya buɗe kore shar, ko ɗigon fari babu. A makon nan ne babban farin ganyen ya yi rawaya ya langaɓe. Na kama hannunsa don in ɗaga shi, sai na ji yana juyawa a cikin ƙasa kamar sandar da aka kafa.

Gabana ya faɗi. Na shimfiɗa buhu a tsakar gida, na kifar da tukunyar. Ga ƙaramar Monstera koriya da saiwoyinta farare lafiya lau, irin wadda zan samu a bakin titi da 'yan dubbai. A gefenta ga hannun ganye biyu an yanke su ƙit, babu gaɓa, babu ido, babu saiwa ko guda. An naɗe gindin kowanne da jiƙaƙƙiyar auduga, an sa a 'yar leda, an ɗaure da robar ɗaure kuɗi, sannan an haɗa su da karan koriyar da baƙin zare. Audugar ta yi baƙi tana wari. Yankakken ganyen Monstera yana yin makonni a ruwa bai mutu ba, shi ya sa masu ado suke sa shi a kwalba, kuma da wannan ta yi lissafinta. "Kada ki sauya tukunya sai bayan wata biyu." Na zauna a ƙasa da zaren nan a hannuna, ban san lokacin da hawaye suka zubo ba. Mako biyar ina goge ƙura a jikin ganyen da aka riga aka kashe.

Na ɗauki bidiyo na tura mata. Ta buɗe, na ga alamar ta gani. Na kira sau bakwai. A na takwas ta toshe ni a WhatsApp, kafin magariba shafin Instagram ɗin ya yi ɓatan dabo. Na je banki na shigar da ƙorafi, na cike takarda, ina jira. Maigida bai ce mini komai ba, sai "Allah ya mayar da alheri," kuma shirun nan nasa ya fi mini faɗa ciwo.

Har yanzu maganar nan tana dawo mini. "Hajiya, lallai ke 'yar hannu ce." Ta yabe ni a daidai tambayar da za ta tona mata asiri, ni kuma na ce to. "Amana ce tsakanina da ke." Da sunan amana ta karɓi ₦219,000, ta bi ta bayana ta karɓi ₦40,000 a hannun yarinya ƙarama. Allah ya isa. Ban yafe ba, ko naira ɗaya ban yafe ba.

Ku da ke son saye: ba gaɓa, ba ciniki. A tone a nuna muku kara da ido da saiwa a bidiyo, in an ƙi ku kashe wayar. Kada ku sayi iri, kada ku sayi maganin fari. Kaya na zuwa ku zare daga tukunya a ranar.

Ina da rasit uku, ina da saƙonnin muryarta, ina da bidiyon zaren da audugar, da hoton sabon shafin nata. Bayan sallar isha'i zan fara sakawa, da rasit ɗin ₦185,000 zan fara. Duk wadda ta taɓa sayen albo a hannun mace mai labule ruwan ƙasa a bayanta, ta je ta kifar da tukunyarta yau, sannan ta yi mini magana mu haɗa ƙorafinmu wuri ɗaya.