Manhajar New City Catechism: ta dace da sujadar iyali?

Manhajar waya ce ta kyauta ta katikisma, wato koyar da bangaskiyar Kirista ta hanyar tambaya da amsa, mai tambayoyi 52, ɗaya ga kowane mako. An tsamo su daga tsofaffin katikisma irin na Heidelberg (1563) da na Westminster, an kasa su uku: 20 kan Allah, halitta, faɗuwar mutum da shari'a, 15 kan Almasihu da fansa, 17 kan Ruhu Mai Tsarki da girma cikin alheri. Kowace tambaya tana zuwa da aya daga Littafi Mai Tsarki, ɗan sharhi da addu'a.

Inda ta fi burgewa shi ne sashen yara. Amsarsu guntuwa ce, an yanko ta daga cikin ta manya, don haka abin da yaro ya haddace yana ɗan shekara biyar shi zai ƙara wa idan ya girma. Akwai waƙoƙi kuma.

Minti goma ya isa: uba ko uwa su karanta tambayar, yara su maimaita amsar sau uku, a karanta ayar, a yi addu'a. Ranar Lahadi a waiwayi na baya, in ba haka ba tambayoyin farko suna zubewa kafin wata uku.

Sharhin na manya ne, kada a karanta wa ƙanana, gajiya za su yi. Sannan ba ta shiga batun baftismar jarirai ba, sai iyaye su cike da koyarwar ikilisiyarsu. Wayar kuma ta zauna a hannun babba.