Yadda jinyata ta kasance a Ingila, da abin da nake so ku yi a gida

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kun wuni lafiya, ya jikin Hajiya, ya yara ya kasuwa. Saƙonninku duk sun iso, na kasa bin kowa ɗaya bayan ɗaya ne shi yasa nace bari in zauna in rubuta a dunƙule, kai sai ka karanta wa waɗanda ya kamata su ji. Hajiya kam a ce mata na samu sauƙi kawai, kar a shiga bayani.

Gaskiya ne abin da kuka ji, kansa ce, ta furostet, wani ɗan ƙullin nama da ke ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji wanda bai wuce girman goro ba, hanyar fitsari ta cikinsa take bi. Amma ba irin yadda labarin ya iso muku ba ne, ance wai ina kwance ba na gane mutane. Wlh ko kwana ɗaya ban yi a gadon asibiti ba, da ƙafata nake zuwa in dawo.

Abin da zai ba ka mamaki babu abin da ke damuna lokacin da aka gano ta, ba ciwon baya ba jini ba komai, hawan jini na je a duba min sai likitan unguwa, wanda nan ake ce wa GP, ya kalli shekaruna yace an taɓa yi maka gwajin PSA? Nace a'a. Yace a cikin mazan ƙasar nan mutum 1 cikin 8 zai gamu da wannan ciwo a rayuwarsa, amma mu baƙar fata 1 cikin 4 ne, don haka daga shekara 45 ya kamata baƙin mutum ya fara maganar da likita. Ka ga kuma nan ɗin ma da ake ganin komai a tsare yake, babu wanda zai aiko maka takarda yace zo a gwada ka, in ba ka tambaya ba ko Allah bai haɗa ka da likita mai lura ba haka za ka zauna da abinka. Shi PSA ɗin jini ne kawai ake ɗiba a hannu a auna wani sinadari da furostet ke fitarwa. Nawa ya fito sama da 9, alhali ga ɗan shekara hamsin da wani abu in ya haura 3.5 ma turawa suke yi gaba.

Toh daga nan ne na ga bambancin tsarinsu da namu. Ban ɗauki fayil na bi ofis-ofis ba, ban nemi wanda ya san wani ba, ban kira ɗan ajinmu da ya zama likita ba. Shi GP ɗin ya tura sunana ta kwamfuta, wasiƙa ta zo gida da rana da lokaci. Ƙa'idarsu a rubuce take, cikin kwana 28 a gaya maka kansa ce ko ba ita ba, cikin kwana 62 a fara magani. A rubuce nace fa, don a aikace sau da yawa ba sa cikawa, su kansu kullum jaridunsu a kan haka suke faɗa da gwamnati, nawa ma ya ɗan gota. Kuma zaman jiran nan ba ƙaramin abu ba ne, a gida in kana da kuɗi a hannu yau ka ga babban likita gobe a yi hoto, nan kuwa layi layi ne ko kai waye, sai dai ka tafi asibitin kuɗi, wanda kuɗinsa ba na direban tasi irina ba ne. Ganin GP ɗin kansa sai ka tashi ƙarfe 8 na safe ka kama waya kana jin kiɗa ana ce maka kai ne na ashirin da kaza a layi.

Da farko hoton MRI aka yi, suka ga inda suke zargi, sannan aka ɗebi nama da allura ta fatar da ke tsakanin gaba da dubura bayan an kashe wurin. Ba daɗi, ba zan ɓoye maka ba, kuma kwanaki ina ganin jini a fitsari, amma a ranar na koma gida. Sakamakon suna auna shi da wani ma'auni wai Gleason, nawa 3+4, wato 7, tsaka-tsaki kenan, kuma ba ta fita daga inda take ba. Na Joe Biden da aka sanar a 2025 kaga 9 ne kuma ta riga ta shiga ƙashi, tsohon shugaban Amurka guda, to ka ga ba maganar kuɗi ba ce kaɗai, maganar lokacin da aka kama ta ce.

Wani abu da ya ɗaure min kai, likita bai ce ga abin da za a yi maka ba. Ya jero min hanyoyi ne yace zaɓi naka ne. Ko a yi tiyata a cire furostet ɗin gaba ɗaya da wata na'ura mai hannuwa da likita ke sarrafawa daga gefe, ko a yi gashi, wato a ƙona ciwon da hasken na'ura, a haɗa da allurar da ke kashe sinadarin maza tunda shi ne abincin ciwon, waɗanda nasu bai kai nawa ba ma cewa ake a bar shi ana dai bibiya da gwaji. Ya faɗi illar kowanne ba kunya ba kwana-kwana, tiyata tana iya barin mutum da yoyon fitsari da raunin gaba, gashi yana taɓa hanji da mafitsara shi ma daga baya yana iya kawo raunin. Nace likita in kai ne wanne za ka ɗauka, yayi murmushi yace ba jikinsa ba ne. Raina ya ɗan ɓaci a lokacin gaskiya, mu mun saba likita ya yanke hukunci mu ce to. Aka haɗa ni da wata nas ta musamman aka ba ni lambarta nace zan yi shawara, ita ce ma ta zauna da ni da maman yara ta warware mana komai a tsanake har da zane a takarda. Na yi istihara na ɗauki gashi, babban dalilina sallah ne, tsoron yoyon fitsari nake, duk da limaminmu na nan ya ce min shari'a ta yi wa mai wannan lalura rangwame ba abin tayar da hankali ba ne.

Gashin da kansa ba ya zafi, ba ka jin komai, kwanciya ce kawai injin ya zagaya ka na 'yan mintuna. Tsarin da aka fi yi yanzu zuwa 20 ne cikin sati 4, Litinin zuwa Juma'a, da can sai an yi 37. Wahalar tana wajen shiri, kullum sai ka fitar da bayan gida, sannan ka sha ruwa ka riƙe fitsari don mafitsara ta cika ta matsa daga inda hasken zai bi, in aka samu jinkiri a layi kuwa sai ka ga dattawa fari da baƙi ana ta zarya a baranda kowa ya matse, ba mai iya yi wa wani dariya. Kuma yawancin masu aikin mata ne 'yan shekarun 'ya'yanmu. Kana iya roƙon a ba ka namiji, in akwai za su ba ka, in babu haƙuri za ka yi. Satin farko kunya kamar in nutse, daga baya na ga su ko a jikinsu, aikinsu suke.

Allurar ce ta fi ba ni wuya. Zoladex sunanta, a fatar ciki ake sa ta, akwai ta wata ɗaya akwai ta wata uku. Zufa ta rinƙa keto min cikin dare a tsakiyar sanyin Ingila, ga kasala ga tumbi ya fito, sha'awa kuma ta ɗauke ɗif, wannan tsakanina da kai ne. Ance in an daina tana dawowa a hankali, muna jira.

Yanzu maganar kuɗi, don na san ita ce kowa ke son ji. Ban biya ko sisi ba a asibiti, hoto da gwaji da gashi da allura duka. Maganin da ake rubutawa a karɓa a kemis nan Ingila fam 9.90 ne kowane ɗaya, amma mai kansa ana ba shi katin yafewa na shekara 5, wanda ya kai 60 kuma dama ba ya biya. Sai dai kar ku ce kyauta ce, harajin da ake yanka mana tun zuwanmu shi ne wannan, tun 1948 suke kan tsarin nan na lafiya na gwamnati da ake kira NHS, kuma masu zuwa da biza yanzu sai sun biya fam 1,035 na kowace shekara tun kafin su taka ƙasar, wanda ya zo ziyara kuwa cajinsa za a yi har da ƙari. Don haka masu cewa in nemo wa wane hanya ya zo a yi masa kyauta, abin ba haka yake ba. Sannan inda suke kama ka daban ne, kuɗin fakin a asibiti, kuɗin gas na ɗumama gida ga mutum yana zaune ba fita, ni kuma mai aikin kaina ranar da ban fita ba babu ko kwabo, haya kuma ba ta san kana jinya ba.

Wajen kaya kam sun fi mu nesa ba kusa ba. Duk maganin da aka miƙo maka ba ka tunanin ko jabu ne, ba sai ka kankare kwali ka tura lamba kamar yadda NAFDAC ta koya mana ba. Ita Zoladex ɗin a jikin kwalinta an rubuta kar zafi ya wuce digiri 25, sai na tuna Kano a watan Afrilu ga rashin wuta, nace duk wanda zai saya a gida ya san a hannun wa zai saya. Ƙunzugun maza na masu ɗigon fitsari ga su nan a kanta a Boots da Tesco kusa da man goge baki, ka ɗauka ka biya ba mai kallonka. Sakamakon gwajina kuma a waya nake gani, duk likitan da na je wurinsa ya san tarihina ba sai na zo da leda cike da takardu ba.

Amma Yaya akwai abin da ba su da shi, mutane. Nan sai ka gama jinya maƙwabcinka na jikin bango bai san ka yi ciwo ba. Na ga tsofaffin Turawa suna zuwa gashi su kaɗai a bas su koma su kaɗai gidan da ba kowa. Da a gida ne da tabarma ba ta ishi 'yan dubiya ba, wannan ta kawo kunu wancan ya kawo lemo, ko da rabinsu za su zo da sunan wani mai magani a ƙauye. Ni Allah ya rufa min asiri da maman yara da 'yan masallacinmu, wani bawan Allah ɗan Zinder shi ya rinƙa kai ni a motarsa ranakun da jiri ya hana ni tuƙi.

Kuma ba wai a gida babu komai ba ne, mu daina faɗin haka. Likitocin mafitsara 'yan Najeriya suna nan cike a asibitocin ƙasar nan, a jami'o'inmu aka koyar da su. Ana gashi a Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, akwai cibiyar da aka buɗe a LUTH, asibitin koyarwa na jami'ar Legas, a 2019, Shika da Sakkwato ma an daɗe da sanin su da sashen kansa. Matsalar injinan sun yi kaɗan ga yawanmu, kuɗin kuma daga aljihu ne ga mafi yawan mutane duk da dokar inshorar lafiya ta 2022, sai an sayar da fili ko gona. Babbar matsalar kuma ba a zuwa sai fitsari ya toshe an sa roba, ko baya ya riƙe mutum ya kasa tashi, kafin nan an shekara ana shan jiƙe-jiƙen masu lasifika a mota ana cewa basir ne ko sanyi. Alhali Mandela an gano tasa a 2001 aka yi masa gashi ya rayu har 2013 yana da shekara 95, Wole Soyinka ma da bakinsa ya faɗa a 2014 cewa ya yi ta ya warke. Gwamnan Ondo Akeredolu kuwa ita ta yi ajalinsa a 2023.

To ga inda maganar ta shafe ku. Nas ɗin nan ta tambaye ni ko ina da 'yan'uwa maza, nace muna da yawa, tace wanda ɗan'uwansa ko mahaifinsa ya yi, haɗarinsa ya ninka sau biyu da rabi. Ni kuma sai na tuna yadda Baba ya ƙare da robar fitsari da ciwon baya, Allah ya jiƙansa, ba a taɓa gaya mana sunan ciwon ba. Saboda haka kai da duk ƙannenmu da suka kai 45 ku je a yi muku PSA, ana yi a asibitin Malam Aminu Kano da manyan dakunan gwaji na cikin gari, ba sai an fita waje ba. Kwana biyu kafin gwajin a haƙura da iyali da aikin ƙarfi, in mutum na fama da ciwon sanyin fitsari ya bari sai ya warke da 'yan makonni, don duk suna ɗaga lambar. In ta fito sama kar hankali ya tashi, kusan 3 cikin 4 na masu lamba sama ba kansa ba ce, kumburin tsufa ne ko wani abu daban, amma a kai wa likitan mafitsara ya gani, ba mai kemis ba. In yace zai duba da yatsa ta dubura a bari ya duba, minti ɗaya ne, ni ma an yi min ban mutu ba.

Nawa PSA ɗin yanzu ya sauka ƙasa da 1, za su ci gaba da dubawa duk bayan 'yan watanni, na koma aiki rabin rana. Kuɗin gwajin ku duka na tura ta asusunka jiya da daddare, har da na Kawu in zai yarda, ka san halinsa sai an lallaɓa. Kowa ya ɗauki hoton takardarsa ya turo min ta WhatsApp, wanda bai turo ba zan kira matarsa. A gaida Hajiya da kyau, a ce mata in Allah ya yarda ina nan tafe bayan Babbar Sallah in likita ya sake ni.