Batir mai kai a sama ko mai kai a gefe: yadda abin yake a Amurka

'Yan uwa na gida, musamman masu rewaya da masu sha'awar tsofaffin akori-kura, ga wani bambanci da ya kamata ku sani kafin a loda muku mota daga nan. A gida mun saba da batir mai kawuna biyu na darma a sama. A Amurka akwai wani iri da kamfanin General Motors ya fara sa wa motocinsa a farkon shekarun 1970, wanda ba shi da kai ko ɗaya a sama. Ramuka biyu ne masu zare a gefensa, sai a ɗaure waya da ɗan gajeren noti. Shi za ka tarar a Chevrolet C10 da GMC na 1973 zuwa 1987. Ford F-100 kuwa bai taɓa barin na sama ba.

Sayen ma daban yake. A gida cewa ake yi "ba ni mai 75" ko "mai 100", wato yawan wutar da yake riƙewa. Nan lambar rukuni ake tambaya, wadda ke nuna tsawo da faɗi da tsayi da inda kawunan suke: 24 da 27 da 65 na sama ne, 75 da 78 na gefe. Sai lambar CCA, wato ƙarfin da batir ke bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Mutumin jihar Minisota mai tsananin sanyi dole ya damu da ita, mutumin Sakkwato kuwa zafi ne ke cinye masa batir. Shaguna irin AutoZone da O'Reilly suna gwada batir kyauta, kuma suna ɗora wani ƙarin kuɗi a kan sabo, wanda sai ka kai musu tsohon su mayar maka.

Na gefe yana da amfaninsa. Gajere ne, sama a share, babu fargabar kai ya taɓa bonet ko sifana ta faɗa ta haɗa kawunan biyu. Amma aibinsa a ɓoye yake. Farin garin da ke cin waya yana taruwa ne a ƙarƙashin robar da ta rufe bakin wayar, daga waje tsaf, a murɗa makulli sai "ƙas-ƙas" kawai. Sau da yawa a kan zargi kik, alhali ɓare robar da wanke wurin da ruwan da aka jiƙa bekin soda da burushin ƙarfe ne maganin. Notin kansa ƙarami ne, sifana mai 5/16 na inci ke kama shi, mai lamba 8 ma tana shiga. Zarensa 3/8 ne na inci, ba irin milimita na motocin Jafan ba, don haka kada a tsinto wani a kwandon gareji a tura da ƙarfi. Ramin bai da zurfi: noti ya yi tsawo, ya fasa cikin batir, ruwa ya riƙa tsatsowa, a matse fiye da kima, zare ya tafi. Jona batir da wata mota ma wahala ne, don bakin wayar jonawa ba ya samun abin cizo.

Na sama kowa ya san shi. Datti a fili yake, kuma yana ɗaukar ƙarin wayoyi na fitilu ko winci. Abin lura biyu ne. Kan fositib ya fi na at, wato negatib, kauri, kusan milimita 17.5 da 16, saboda haka maƙalar ɗaya ba ta zama daidai a ɗayan, kuma dukanta da guduma yana tsaga murfin batir. Na biyu tsayi: rukuni na 24 ya fi na 78 tsayi da fiye da inci ɗaya, sai an auna tsakaninsa da bonet, an kuma ɗaure shi a mazauninsa kada ya yi tsalle a gargada.

A ganina, motar da za ta zauna a nan, mai ita yana son ta kamar yadda ta fito daga kamfani, a bar ta da na gefe. Wadda ba a damu da wannan ba, a sa mata batir rukunin 34/78, mai kawuna huɗu, sama da gefe: wayoyin asali a gefe, jonawa da kaya masu jan wuta a sama, a bar hular roba a kan wanda ba a amfani da shi.

Wadda za ta taho gida kuwa, a canza mata wayoyi tun a nan, domin da wuya ka sami batir mai kai a gefe a kasuwanninmu. Akwai 'yan ƙarafan da ake ɗaurawa su mayar da wannan iri wancan, sai dai kowane mahaɗi wurin sassautawa ne da tsatsa. Gara sababbin wayoyi biyu na jan ƙarfe, masu kauri lamba 4, ko lamba 2 da ta fi kauri in injin babba ne, a cire at da farko, a mayar da shi a ƙarshe. In an gama a sa mita: volt 12.6 a kashe, kusan 14 in inji na aiki.